Saba'in Ɗin da Ba Saba'in Ba

Ajiye wuƙar nan tukuna. Na ce ajiye! Kun kalli wani a waya ya yanki reshe, ya manna, ya naɗe da leda cikin minti ɗaya, shi ke nan kun zama masu auren bishiya. To sannunku da ƙoƙari. Ku zauna kan buhunan nan, mangwaron ba gudu zai yi ba. Ni Habu da kuke ce wa Mai-Aure kuna ƙunshe dariya, shekara takwas na yi ina wannan aiki a wata gona a bayan garin Riyad. Kuma abin da ya fi zauna mini a rai daga can ba auren da ya kama ba ne. Wata 'yar alama ce ta gwangwani, faɗinta bai kai yatsu biyu ba. Za mu zo kanta.

Auren mangwaro na koya tun a Zariya, a hannun kawuna, kuma da shi na samu hanyar tafiya. Gonar ta wani Balarabe ce, shi ne kafil ɗina, wato iƙamata, takardar zamana a ƙasar, da sunansa take, ranar da ya ce tafi sai tafiya. Dabino yake nomawa. Amma ya ware wani yanki ya ba wani masanin tsirrai ɗan Sudan, Dakta Tijjani, ya yi gwajinsa, ni kuma aka ba ni ga Dakta. Ranar Alhamis da yamma nakan shiga gari, in sauka ɗakin 'yan uwa a unguwar Manfuha, mu yi Juma'a tare, in koma.

Aikin Dakta mishmish ne. Kun san shi ko da busasshe, alhazai na kawowa. Ɗanyensa ruwan ɗorawa ne, bai kai ƙwan kaza ba, da ƙwallo ɗaya mai tauri a ciki. Bishiyar tana da wata ɗabi'a da ta ba ni haushi tun farko: sai ta sha sanyi ta ƙoshi, ta zubar da ganye ta yi barci, sannan take farkawa ta yi fure. In sanyin bai ishe ta ba, sai ta tsaya maka ƙiƙam kamar itacen girki. Riyad na sanyi fa, har ka ga tururi na fita daga bakinka, amma gajere ne, wata shekarar ma leƙowa kawai yake yi ya wuce. Abin da Dakta yake nema shi ne mishmish da zai farka da ɗan sanyi kaɗan, kuma ya yi zaƙi. Shekara goma sha wani abu ya yi yana bin wannan abu ɗaya kafin in zo.

Ranar farko, da guntun Larabcina, na gaya masa mu a gida aure muke ce wa wannan aiki nawa. Ya yi dariya har ya cire tabarau.

"Ya Habu, naka ba aure ba ne, haya ce," in ji shi. "Ka ɗauko reshe ka kama masa ɗaki a gidan wani. Nawa ne aure, don a nawa ake haihuwa."

Na ji haushi a ranar, amma gaskiyarsa ce, kuma ku ma ku riƙe. In ka ɗora reshe kan gindin wata bishiya, abin da ka ɗora shi za ka samu, ba ƙari ba ragi. Mai zaƙi ya ba ka zaƙi, mai tsami ya ba ka tsami. Sabon iri kuwa sai an haɗa furen wannan da na waccan, an samu ƙwallo, an shuka, an jira. Shi Dakta yana samar da sabo. Ni kuma in ya samu, in yawaita shi.

Auren da ba zan manta ba shi ne na Tsohuwa. Wata bishiyar mishmish ce a wata gona da aka yi watsi da ita, ba wanda ya san wa ya shuka ta. 'Ya'yanta ƙanana, ga tsami, ga zare, ko tsuntsu sai ya rasa abin ci yake taɓawa. Amma ko shekarar da ba a yi sanyin kirki ba sai ta cika da fure. Ita Dakta ya zaɓa ta zama uwa. Uba kuma garin furen wani iri ne mai zaƙi daga ƙasar sanyi, aka aiko masa a 'yar kwalba cikin fulas ɗin ƙanƙara, bai fi abin da za ka lasa da yatsa ba.

Kwana huɗu muka yi a kan tsani. Furen kana kama shi ne tun yana dunƙule, kafin ya buɗe, don in ya buɗe ƙudan zuma sun riga ka. Ka sa hantsaki ka yage rigarsa, ka tsince 'yan zarurrukan namiji kaf, ka bar tsinke ɗaya na tsakiya, shi ne macen. In hantsakinka ya ɗan goge ta, ta mutu. Sai ka tsoma ɗan buroshi mai laushi a kwalba, ka taɓa kanta sau ɗaya, ka rufe reshen da jakar takarda, ka ɗaure. Fure ɗaya ke nan. Mun yi ɗaruruwa. Wuyana ya sanƙare, idona na ruwa, Dakta na ƙasa yana ta "Bishwesh, ya Habu, bishwesh," wato a hankali, kamar ni ne zan koyi a hankali a wurinsa. Yawancinsu suka zube. Waɗanda suka tsaya muka tsinke su da suka nuna, muka wanke ƙwallayen. Dakta ya ware goma sha biyu ya shanya, ya zuba a kwalba ya ajiye, ya ce don gobe. Sauran muka binne a yashi mai danshi muka sa a firij wata biyu, don shi ma ƙwallon sai ya ji sanyi yake tsirowa. Tamanin suka fito.

Bayan wata 'yan kaɗan rijiyar tsohuwar gonar ta koma gishiri, Tsohuwa ta bushe. Na gwada ɗaukar idonta, wato ɗan tohon jikin reshe, in ɗora a wani gindi, na makara, ba wanda ya kama. To kun ga duk abin da ya rage nata a duniya shi ne tamanin ɗin nan da ke cikin leda a rumfar reno, da 'yan ƙwallayen kwalba.

A da, sai ka shuka tamanin ɗin duka, ka shayar da su shekara huɗu, ka ga wacce ta yi. Kafil ya ce ruwansa ba na wasa ba ne, ba zai yi ba. Sai Dakta ya bi hanyar zamani. Kowane tsiro ya ɗaura masa alamar gwangwani da lamba, ya yanki ganye kamar farce, ya sa a 'yar roba, ya aika ɗakin gwaji. A can suke duba ƙwayoyin gado, su gaya maka wanne ya gaji halin uwa, wanne ya gaji na uba, tun yana ɗan tsiro. Ni na ɗauka tatsuniya ce. Kafil ma haka, har yakan ce Dakta ya koma duba da ganye. Shi kansa Dakta ya taɓa ce mini gwajin sabo ne, yana fata ne kawai kada ya ba shi kunya.

Sakamakon ya yi jinkiri. Kafin ya iso mahaifiyar Dakta ta kwanta ciwo, ya tafi Sudan. Kafil kuma ya matsa a share rumfar, 'ya'yan dabino na zuwa. Ranar wata Talata da hantsi wayata ta yi ƙara.

"Ya Habu, albishir! Guda ɗaya ta haɗa duka biyun. Saba'in. Ka ji? Saba'in. Ka dasa ta a fili, sauran ka zubar."

"Saba'in, Dakta. Na ji."

Na kuwa ji sarai, ai saba'in ɗinsu ita ce saba'in ɗinmu. A kunne babu matsala. A ido matsalar take. Dakta da lambobin Larabci ya rubuta alamun. Ni boko na yi zuwa aji shida, allon da na yi kuma babu lamba a jikinsa. Takardun kuɗi da launi nake gane su, wayata da Turanci take. Shekara uku ina ƙasar, ban taɓa zama na koyi lambobin nan ba, kuma ban taɓa gaya wa kowa ban iya ba. Na dai lura ɗayansu kamar namu ne, taransu ma kamar namu. Sai na ɗauka sauran ma 'yan uwan juna ne.

Na bi layi ina ɗaga alamu, can na ga wata: bakwai ga ta, sifili ga shi, ɓaro-ɓaro. Na ce alhamdu lillahi. Akwai wani dattijo ɗan Yaman da ke kula da famfunan ban ruwa, Ammu Salih, yana tsaye yana kallona.

"Kawo in karanta maka, ya Habu," ya ce.

Wallahi da zuciya ɗaya ya faɗa. Ni kuwa sai na ji kamar ya zage ni. Ni da Dakta ya bar wa amana, mai gyaran famfo ne zai karanta mini? Na ce masa ya je ya ji da famfonsa. Ya ɗaga kafaɗa ya tafi. Na ɗauki tawa, sauran saba'in da tara na loda a baro, sawu huɗu, na juye a ramin shara a bayan katanga. Rana ta gama da su kafin la'asar. Da na dasa ta sai na ga wayar alamar ta soma cin jikinta, na kwance, na jefa a gwangwanin da nake ajiye wuƙa, na buga sabon allo na rubuta 70 da fenti, da irin lambobinmu, manya-manya. Da Dakta ya dawo bayan wata biyu, ya tsaya gabanta ya daɗe, ya shafa ganyenta, ya ce, "Marhaba, ya bint," wato sannu da zuwa, yarinya. Bai tambayi tsohuwar alama ba. Me zai sa ya tambaya? Habu ne ya yi aikin.

Da ta yi ƙwari aka zo kan nawa aikin. Ku buɗe kunne nan, don wannan ne kuka zo koya. Wuƙar aure gefe ɗaya ake wasa ta, a dutse mai laushi, har sai ta aske gashin hannu, kuma ba a yanka komai da ita sai aure. Ba a fere rake da ita, ku da nake gani. Ka zaɓi reshen bana mai kaurin fensir, ka yanko ido ɗaya da 'yar fatarsa, yanka ɗaya, ba ka komawa. Kada yatsanka ya taɓa cikin. A jikin gindin ka tsaga fata a tsaye, ka tsaga a kwance a samanta, ka buɗe leɓɓan da bayan wuƙa, ka zura idon, ka naɗe da leda daga ƙasa zuwa sama, ka bar idon yana leƙe. A Riyad da sassafe ake yi, in rana ta ɗaga iskar kanta tana busar da yankan kafin ka ɗaure. Bayan sati biyu ka taɓa guntun kan ganyen da ka bari a jikin idon. In ya faɗi da kansa, aure ya kama. In ya manne ya yi baƙi, sai haƙuri.

Arba'in na ɗaura wa Saba'in. Arba'in suka kama. Ban taɓa yin aiki mai kyan wannan ba, kafin nan ko bayan nan. Dakta ya riƙa kawo mutane suna gani. Masu gonakin kusa su zo da motocinsu, su sha gahawa da kafil, su zagayo wurinmu, kowa na cewa a sa shi a layi in an fara rabawa. Wani ma ya so ya saci reshe a aljihun jallabiya, na kama shi, muka yi ta dariya. Ni kuwa ina ta hura hanci. Shekara uku muna shayar da su, muna yi musu aski, muna kare su daga iska. Shekara ta uku an yi sanyi sosai, suka ɗan yi fure, 'ya'yan ba laifi. Dakta ya ce wannan ba shaida ba ce, a irin wannan sanyi kowace bishiya jaruma ce. Shekarar da babu sanyi yake jira.

Ta kuwa zo. Hunturun da ko bargo ban ciro daga jaka ba. Dakta har murna yake, yana cewa ga ranar Saba'in. Watan fure ya kama, kullum da safe sai mu bi layi muna duba idanu. Shiru. Sati ɗaya, sati biyu, sati huɗu. Arba'in da ɗaya suna tsaye tsirara, nan da can ɗan ganye ya fito a karkace. Fure kam ko na rantsuwa. Na ga mutumin nan yana ramewa a gabana. Ya daina cewa bishwesh, ya daina shan shayin safe da mu. Kafil ya zo ya zagaya sau ɗaya, bai ɗaga murya ba, ya ce, "Khalas, ya Daktur," wato shi ke nan. Ya ba shi wata guda ya tattara. Filin za a sa dabino, ni kuma in koma wajen dabinon.

A cikin watan ne, ranar wata Juma'a bayan an sauko, ina zaune a ɗakinmu na Manfuha na juye gwangwanina ina neman dutsen washi. Garba Direba, ɗan Gusau da muke ɗaki ɗaya, ya tsinci 'yar alamar a kan tabarma yana juya ta.

"Malam Habu, wannan sittin da biyar ɗin ta mece ce?"

"Saba'in ce. Ba ni kayana."

"Haba Malam. Sittin da biyar dai."

"Garba, tuƙi ka sani. Bar mini abin da na sani."

Bai yi musu ba, ya kama hannuna muka sauka ƙasa. Lambar mota a can kashi biyu ce, Larabci a sama, irin namu a ƙasa. Ya bi motocin da ke bakin titi har ya samu mai shida, ya ɗora yatsa. Abin da nake kira bakwai, shida ne a ƙarƙashinsa. Ya nuna mini mai biyar: zagaye ne, sak sifilinmu. Bakwai ɗinsu kuwa wani abu ne mai baki buɗe sama kamar gwafa, sifilinsu ɗigo ne kawai. Shekara bakwai ina wuce motocin nan.

Na zauna a kan dakalin wani shago. Garba na tambaya lafiya, na ce jiri ne. Wato Saba'in ta gaskiya tana cikin baro, ni na tura ta da hannuna na juye a rami. Gwajin bai yi ƙarya ba, Dakta bai yi kuskure ba. Sittin da biyar na yi wa aure arba'in.

To nan ne wurin da nake so ku ji da kyau, don kuskuren lamba kowa na iya yi. Kwana tara suka rage wa Dakta. Kwana tara ina tare da shi muna ɗaure littattafansa a kwali, kullum in ce yau zan faɗa. In na buɗe baki sai in tuna kafil. In ya ji ni na jawo masa asarar ruwan shekara huɗu, takardar fita daga ƙasar zai buga mini, ga yara huɗu a gida. Haka nake gaya wa kaina. Amma in za a bi gaskiya, ba kafil na fi tsoro ba. Kunya nake ji a ce Habu bai iya karanta lamba ba. Abin da ya hana ni miƙa wa Ammu Salih alama, shi ne dai ya sake rufe mini baki.

Ranar ƙarshe ya buɗe firij ya ɗauko kwalbar ƙwallaye goma sha biyun nan, 'ya'yan Tsohuwa na ƙarshe. Ya ɗaga ta yana kallo.

"Na so in tafi da su gida in sake gwadawa," ya ce. "Amma in wadda ta fi su duka ba ta yi ba, waɗannan me za su yi? Hanyar ce ba daidai ba tun farko."

Ya fita ya juye su a ramin da ake ƙona shara, wuta na ci. Ina tsaye, tsakanina da shi bai fi taku uku ba. Kalma ɗaya ta isa. Ban faɗa ba. Ya dawo ya ɗauko hantsakinsa da ɗan buroshin ya sa mini a hannu.

"Riƙe, ya Habu. Hannunka bai taɓa kuskure ba. Kaina ne ya yi."

Na karɓa. Har godiya na yi, Allah ya yafe mini.

Shekara ɗaya na ƙara a wajen dabino na ce a sallame ni. Na dawo gida na kafa wannan wuri da kuke gani. Sai da na shekara biyu a nan, babu kafil, babu iƙama, babu sauran abin fakewa, sannan wata rana bayan la'asar na zauna ƙarƙashin mangwaron can na kira shi. Ya daina aikin bishiya, yana koyarwa a wata makarantar sakandare. Ya yi murna da jin muryata, ya tambayi iyali ɗaya bayan ɗaya. Na bari ya gama, na gaya masa komai, tun daga Ammu Salih har motar Manfuha.



"Ashe tana nan," ya ce. "Ashe an haife ta." Can ya ce, "Yaya take, ya Habu? Doguwa ce? Ganyenta fa?"

"Ban duba ta ba, Dakta. A baro na jefa ta tare da sauran."



"Yaushe ka gane?"

Nan ma da na so da na yi ƙarya, wa zai tona? Na ce, "Kwana tara kafin ka tafi."

"Ranar da na zubar da ƙwallayen, ka sani ke nan."

"Na sani."

"Kana tsaye."

"Ina tsaye, Dakta."

Bai zage ni ba. Da ya zage ni da na fi samun sauƙi. Ya ce lambar ba komai ba ce, laifinsa ne ma da bai tambaya ko na iya ba. Ya ce ya yafe, Allah ya yafe mana baki ɗaya. Muna gaisawa da salla har yanzu, yana amsawa da mutunci. Amma bai ƙara ce mini ya Habu ba. Malam Abubakar yake cewa.

Shi ya sa a wurin nan ba mai taɓa wuƙa sai ya karanta alamar reshe da ƙarfi, wani ya duba ya ce haka ne. Kuna cewa tsufa ne ya sa ni fitina, na ji ku. Miƙo mini gwangwanin can. Ga hantsakin, ga buroshin, ban taɓa aiki da su ba. Ga 'yar alamar nan kuma, duk ta yi baƙi. Kai mai gaggawar wuƙa, karɓi. Karanta mini. In ba ka iya ba, ka ce ba ka iya ba.